Yis ɗin Hanji da Yara Masu Galahanga: Me Gwajin Ke Aunawa, Me Maganin Ke Yi wa Yaro?

Ta waya maganar ke shigowa ƙauyukanmu. Ko dai saƙon murya a zauren WhatsApp na iyaye, ko ɗan'uwa mazaunin Abuja ko Ingila ya turo bidiyo. Wai yaron da ya shekara uku bai fara magana ba, ba ya waigowa in an kira sunansa, yana kaɗa hannu yana juyi shi kaɗai, hanjinsa ne ya cika da yis, yis ɗin ke fitar da guba tana hawa kansa. Sai a ce a tura fitsarinsa da kashinsa ƙasar waje a auna, a ɗora shi a kan maganin kashe yis na wasu watanni, a hana shi nono da alkama da duk abin zaƙi, bakinsa zai buɗe. Uban da ya riga ya gaji da yawo, nan a ce masa iska ce, can a ce ɗan ruwa ne, dole wannan bayani ya kwanta masa a rai, tunda yana zuwa da takarda mai shafuka, da lambobi, da jan layi. Da dala ake biyan kuɗin gwajin, kuma a Ringim ko Rano hakan na nufin akuya ta tafi kasuwa, ko buhun riɗin da aka ajiye don rani.

Akwai gaskiya a gindin maganar, shi ya sa take da wuyar turewa. Yara masu galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, sun fi sauran yara fama da ciki. Wani nazari da ya tattara bincike 15 a shekarar 2014 ya nuna matsalar ciki ta ninka kusan sau huɗu a wurinsu, taurin bayan gida da gudawa kowanne sama da sau uku. Yaron da ba ya iya cewa "cikina ke ciwo" da jikinsa yake faɗa: ya buga kai a bango, ya ciji hannunsa, ya kife cikinsa a kan turmi ko bakin gado, ya hana gida barci. Uwar da ta ce ɗanta yana rikicewa duk ranar da cikinsa ya ɓaci ba ta yi ƙarya ba. Inda aka kauce hanya shi ne ɗora laifin a kan yis, da kuma cewa cikin ne ya haifar da larurar tun asali.

Ita larurar daga yadda ƙwaƙwalwa ta ginu take, tun yaro yana ciki. Wani likita, Leo Kanner, ne ya fara bayyana ta a Amurka a 1943 daga yara 11 da ya duba. Binciken da aka buga a 2019 a kan yara kusan miliyan biyu a ƙasashe biyar ya nuna gado ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin ɗari na dalilinta. Ba abin da uwa ta ci ba ne, ba sakacinta ba ne, ba kuma allurar rigakafi ba ce. Takardar wani likita, Andrew Wakefield, ta 1998, wadda ta haɗa rigakafin ƙyanda da ciwon hanji da otizim daga yara 12 kacal, an janye ta a 2010, shi kuma aka soke lasisinsa a Ingila.

Batun yis kuwa ba da yara ma ya faro ba. Wasu likitoci biyu a Amurka, Orian Truss da William Crook, su suka yaɗa shi daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, cewa kandida, wani nau'in yis da ke zama a jikin mutum, ita ke jawo kasala da ciwon kai da ɓacin rai. A 1986 ƙungiyar likitocin borin jini ta Amurka ta ce zato ne da ba shi da hujja. A 1990 aka gwada shi yadda ya kamata a kan mata 42: wani lokaci a ba su nistatin, maganin kashe yis, wani lokaci a ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da su ko likitocin sun san wanne ne ba. Kasalar da sauran koke-koken jiki sun ragu daidai wa daida a ɓangarorin biyu. Shigowar zancen cikin otizim ya biyo bayan wani rahoto na William Shaw, masanin sinadarai, a 1995, kuma a kan yara biyu aka rubuta shi, wa da ƙani. Daga nan wata ƙungiya mai suna DAN ta ɗauke shi ta raba wa iyaye, har aka rufe shirin a 2011. Har yau ba a yi gwajin da aka kwatanta yaran da suka sha maganin yis da waɗanda suka sha na bogi aka ga ya rage alamomin otizim ba.

Gwajin fitsari shi ne jigon kasuwar, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Ana karɓar fitsarin farko na safe, a daskarar da shi, a auna sinadarai sama da 70 a cikinsa. Biyu daga ciki aka fi nuna wa iyaye a matsayin shaidar yis: wani sukari da ake kira arabinos, da wani sinadari mai tsami da ake kira tatarik. Arabinos sukarin tsirrai ne. Yana cikin dusar hatsi, da 'ya'yan itatuwa, da ƙaron da ake tsinka a dazukan Jigawa. Abin da kandida ke fitarwa wani sinadari ne daban, arabinitol, kuma shi ma ga marasa lafiyar da yis ya shiga jininsu ake nazarinsa. Tatarik kuwa, a duk 'ya'yan itatuwan duniya da wuya a samu wanda ya fi tsamiya yawansa, kuma wani kaso na abin da aka sha yana fita ta fitsari yadda ya shiga. Su kansu masu gwajin sun san abinci na ɓata sakamakon, shi ya sa suke cewa a hana yaro tufa da inabi kwana biyu kafin a ɗauki fitsari. Da abincin yaron Amurka aka tsara wannan gargaɗi. A gidan da ake dama kunun tsamiya kullum safe, ake kuma zuba ruwan tsamiya a tuwo don ya kwana, yaro mai lafiya garau ma yana iya fitowa da jan layi a wannan gurbi.

Akwai wata matsalar da ba a faɗa wa iyaye. Ba a rubuta adadin sinadarin kai tsaye, ana raba shi ne da wani ma'auni da ake kira kiriyatinin, wanda daga tsokar jiki yake fitowa. Yaro ramamme, marar tsoka, kiriyatinin ɗinsa kaɗan ne. In aka raba da ƙaramar lamba, amsa ta kumbura, sai layuka da yawa su haura iyaka alhali ba abin da ya ƙaru. Ita ma iyakar daga yaran wata ƙasa aka samo ta, masu wani abinci da wani jiki. Sannan ga lissafi mai sauƙi: yawanci ana yanka iyakar "lafiya" ne ta yadda mutum biyar cikin ɗari masu lafiya za su faɗo wajenta. In ka auna abu 70 a jikin yaro ɗaya, ka sa ran uku ko huɗu za su fito da ja ko da babu komai. Takardar da ba za ta taɓa dawowa fara tas ba, ba ta iya raba mai ciwo da mai lafiya.

Kada a ɗauka gwajin sinadaran fitsari ƙarya ne gaba ɗaya. Likitocin yara na amfani da shi wajen gano wasu cututtukan gado da ba su da yawa, inda jiki ke kasa sarrafa wani ɓangare na abinci. Alamarsu daban ce: jariri ko yaro mai yawan amai da sumewa, mai jijjiga, wanda ke rasa abin da ya iya duk sanda ya yi zazzaɓi, musamman in auren zumunta ne ko an taɓa rasa yara a gidan da irin wannan ciwo. Wannan yaron babban asibiti yake buƙata, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma ba yis ake nema a jikinsa ba.

Gwajin kashi ya fi sauƙin bayani. Kandida mazauniyar hanji ce a jikin kusan rabin mutane masu lafiya, don haka ganin ta a kashi ba labari ba ne. Yawanta ma ba abin dogaro ba ne, domin tana ci gaba da hayayyafa a cikin kwalba. A ɗauki kashi a Gumel a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba wuta balle firji, a sa a mota zuwa Kano, ya kwana a ofishin masu aika kaya, sannan ya kama hanyar ƙetare. Abin da za a ƙirga a can, yawancinsa a hanya ya tsiro. Binciken da aka yi kan kandida a hanjin masu otizim ma bai daidaita ba, wasu sun ga ta fi yawa, wasu ba su ga bambanci ba. Wanda aka yi a Ostareliya a 2021 kan yara 247 ya nuna inda kibiyar ta dosa: tsananin zaɓen abinci ne ke sauya ƙwayoyin hanjin yaron, ba ƙwayoyin ne suka kawo larurar ba.

Gwajin jinin da ke fitar da jerin abincin da wai jikin yaro ba ya so, wato na IgG, abin da yaro ya saba ci kawai yake nunawa, kuma ƙungiyoyin likitocin borin jini na Turai da Amurka da Kanada duk sun ce kada a yi aiki da shi. Na gashi kuma, a 2001 an yanki gashin mutum ɗaya aka raba wa ɗakunan gwaji shida a Amurka, amsoshinsu suka saɓa wa juna. Mafi haɗari shi ne wanda ake fara ba yaro maganin janyo ƙarfe daga jiki, sannan a auna fitsarinsa a ce ga guba ta fito. Kowa aka ba wannan magani ƙarfe zai ƙaru a fitsarinsa. A 2005 wani yaro ɗan shekara biyar mai otizim ya mutu a jihar Fensilbaniya ana yi masa irin wannan wanki ta jijiya, saboda maganin ya zuƙe sinadarin kalsiyam daga jininsa har zuciya ta tsaya. Maganin janyo ƙarfe yana da wurinsa: shi aka ceci yara da shi a Zamfara bayan gubar dalma ta 2010, amma sai da aka auna jini aka tabbatar, kuma a ƙarƙashin kulawar likitoci. In ana tsoron dalma, kuma akwai dalilin tsoro ga yaro mai cin ƙasa, ko wanda ake sa wa kwallin dutse, ko gidan da ake fasa tsohon batir, gwajin dalma a jini shi ne daidai.

Su magungunan yis ɗin ba ɗaya suke ba. Nistatin ba ya shiga jini, a hanji yake wucewa, illarsa ba ta wuce tashin zuciya da gudawa, sai dai na ruwan yana da sukari mai yawa, kuma watanni ana ɗura wa yaron da ba ya yarda a goge masa baki yana cinye haƙora. Fulukonazol, wanda ake sayarwa da sunan Diflucan, shi yana shiga jini, hanta ce ke aikinsa, yana iya kumbura ta, yana kuma iya rikita bugun zuciya, balle in ya haɗu da kwinin. A yankin da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kuma sau da yawa yaron yana shan jiƙe-jiƙe a gefe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ketokonazol na sha kuwa tun 2013 Turai ta dakatar da shi a matsayin maganin fangas, Amurka ta taƙaita shi, duk saboda lalata hanta. Duk ukun ana iya samunsu a kemis ba tare da takardar likita ba, abin da ke ƙara mana damuwa ke nan.

Ga inda abin ya fi muni. Farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu otizim, don haka da yawansu suna kan kabamazafin, wato Tegretol, ko fenitoyin. Fulukonazol yana hana hanta fitar da waɗannan magunguna, sai su taru a jini. Yaro ya fara layi, ya yi ta barci, ya yi amai, idanunsa na rawa. In uwa ta kira wanda ya rubuta tsarin, amsar da aka tanada ita ce: yis ne ke mutuwa, gubarsa ce ke fita, a ci gaba, alamar nasara ce. Irin wannan zazzaɓin mutuwar ƙwayoyin cuta an san shi a maganin tunjere da 'yan cututtuka masu kama da shi, cikin awoyin farko. Aro shi aka yi aka lulluɓe illar magani da shi. Tsarin da in yaro ya samu sauƙi a ce magani ya yi, in ya rikice a ce magani na yi, bai bar wa uwa ƙofar da za ta gane ana cutar da ɗanta ba. Ruwan da ake kira MMS kuma, wanda ake ɗura wa yara ta baki ko ta dubura, bilic ne, irin sinadarin da ke fitar da launin kaya. Yana ƙona hanji, kuma zaren da ke fita a kashi ana ce wa iyaye tsutsa ce, majina ce da fatar hanjin da ta saɓule. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2010 da 2019.

Kandida na gaske tana da kamanninta. Farin abu a harshe da cikin kumatu, in an goge ya bar ja ko jini, ko jan ƙurji mai 'yan ɗige-ɗige a matsematsi da gindin jariri, wanda iyaye mata da yawa ke haɗawa da kurga. Maganinsa nistatin na ruwa, mililita ɗaya sau huɗu a rana bayan an ci abinci, kwana bakwai, a duba kan nonon uwa in tana shayarwa. Ido ke ganinsa, ba ya buƙatar jirgi. In kuma ya ƙi tafiya, ko ya fito wa yaron da ya wuce shayarwa, a nemi dalili: tamowa, ciwon sukari, HIV, ko yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba.

A ganinmu, a ƙauye hanin abinci ya fi ƙwayar magani ɓarna. Tsarin yana hana madara da alkama da zaƙi da duk abin da aka tsima. Tuwon dawa da na masara da gero da shinkafa dama ba su da sinadarin alkamar da ake gudu, sai burodi da gurasa da taliya da fanke. Abin da hanin zai cire da gaske shi ne nono da kindirmo, da koko, da daddawar miya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran da ba su kai shekara biyar ba a Jigawa da Kano sun tsumbure. Binciken Jos na 1999 kuma ya nuna gwame da ƙafar baka a yaran Najeriya rashin kalsiyam ne ke kawo yawancinsu, kuma nono ne babbar hanyar samunsa a karkara. Yanzu a ɗauki yaron da duk duniya abu uku yake yarda ya ci, fura da nono, koko da ƙosai, sai farar shinkafa, a cire masa biyu. Ba zai koma cin zogale don an hana shi fura ba, zama zai yi da yunwa. An gwada wannan hani a Rocesta ta Amurka, aka buga sakamakon a 2016: yara 14, ana saka musu alkama ko madara a ɓoye cikin abinci wasu makonni, wasu makonnin ba a saka ba, iyaye da masu lura ba su ga bambanci a hali ko barci ba. Yis ɗin burodi ma ba kandida ba ne, kuma wutar gashi ta kashe shi. In ana zargin madara na ba yaro gudawa ko ƙurji, a cire ta ita kaɗai mako biyu zuwa huɗu, sannan a mayar a gani. Rage alewa da lemon kwalba abu ne mai kyau saboda haƙora.

To me ya sa wasu iyaye ke rantsuwa sun ga canji? Ba ƙarya suke ba. Yaro mai otizim yana girma, yana ƙara koyo, da magani ko babu. Ana fara sabon tsari ne a lokacin da abu ya fi tsanani, kuma bayan tsanani dama sauƙi ke biyowa. A watannin ne kuma uwa ta fi zama da shi, aka tsara lokacin cin abincinsa, wataƙila taurin bayan gidansa ya saki. An ga haka da wani sinadari mai suna sikiritin: rahoton yara uku a 1998 ya sa dubban iyaye suka yi rububinsa, aka zo aka yi gwaji 16 a kan yara sama da 900, bai fi ruwan gishiri ba.

Abin da ya kamata a duba yana nan kusa, kuma da araha. A fara da ji, domin ƙyanda da sanƙarau da shawarar jarirai da ciwon kunne mai ruwa duk suna kurmantar da yaro, kuma kurma ma ba ya waigowa in an kira shi. A haska baki da tocila a nemi ruɓaɓɓen haƙori. A kai kashi ɗakin gwaji na babban asibitin ƙaramar hukuma, da ɗuminsa cikin awa ɗaya, a nemi tsutsa da jiyadiya, wata ƙwayar cutar hanji mai kawo gudawa. Albendazol, maganin tsutsa, miligiram 400 ne sau ɗaya ga wanda ya kai shekara biyu, 200 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyu. A garuruwan fadamar Haɗeja da wuraren noman rani na Kadawa da Kura, yaron da ke son wasan ruwa a duba fitsarinsa saboda tsargiya, maganinta firazikwantel miligiram 40 ga kowane kilo na nauyinsa. A auna yawan jini, a san ko sikila ne, a sa masa tef ɗin dantse in bai kai shekara biyar ba: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Yaron da ke ƙame wa na 'yan daƙiƙu ido a kafe, ko wanda ya yi magana ta ɗauke, a nemi a tura shi asibitin Aminu Kano, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko na tarayya da ke Birnin Kudu.

Taurin bayan gida shi aka fi yawan kuskurewa. Kashi ya taru ya sandare, na ruwa ya riƙa zagaye shi yana ɓata wando, uwa ta ɗauka gudawa ce ta sayo Flagyl, ko a ce basir ne. A tambaya: sau nawa yake yi a mako, yana da tauri ƙulu-ƙulu, yana ɓuya ko ya maƙe ƙafa don kada ya fita? Ma'aikacin lafiya ya taɓa mara ta hagu. Laktulos, maganin ruwa mai tausasa kashi, na taimakawa, daga mililita 2.5 zuwa 10 sau biyu a rana ga ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu, ana daidaitawa har kashi ya yi laushi, kuma watanni ake yi ana ba shi. Dainawa da wuri ne ke dawo da matsalar. A haɗa da ruwa isasshe, da miyar kuka ko kuɓewa, da wake da gwanda gwargwadon abin da zai karɓa, a kuma tsugunar da shi minti biyar bayan kowane cin abinci. Yaro da yawa barcinsa da fushinsa kan gyaru daga nan. Galahangar tana nan, ciwon da ke kanta ne aka sauke. Magana da mu'amala kuwa da koyarwa suke ƙaruwa: a zauna daidai fuskarsa, a bi abin da yake so, a yi gajerun kalmomi ana maimaitawa, a karɓi nuni da hannu ko hoto a matsayin magana.

Wanda ya riga ya fara tsarin yis, ya tsayar da MMS da maganin janyo ƙarfe yau ɗin nan. Ya kwashe duk kwalabe da ƙwayoyi da jiƙe-jiƙe a leda ɗaya ya kai wa likita, a yi gwajin hanta in yaron ya sha fulukonazol ko ketokonazol fiye da mako biyu. In ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko yaro yana layi da amai, kada a jira gari ya waye. Maganin farfaɗiya kuwa ba a tsayar da shi farat ɗaya, ko da an tsayar da sauran. A mayar da abincin da aka hana ɗaya bayan ɗaya, tazarar kwana uku, a fara da nono. A samu littafin makaranta a ja layi huɗu, barci, bayan gida, abin da ya ci, da sau nawa ya rikice a rana, a cike shi mako biyu kafin a canza komai, kuma kada a canza abu biyu a lokaci guda. Littafin ake riƙowa duk ranar zuwa asibiti.